Ranar da Mama ta Wanke Zanen Likita

Ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar da Mama ta wanke wa Baba ciki. Ko yanzu in na tuna, sai na yi dariya.

Baba direban tasi ne a unguwar Bronx, can ƙasar Turawa. Ciwon daji ya ci hantarsa har likitoci suka ce tiyata ba za ta yiwu ba, sai dai a haɗa masa magani biyu. Da farko suka zura siririn bututu ta jijiyar cinyarsa, suka kai magani cikin ƙarin da ya fito masa a hanta, suka toshe jijiyar da ke ba shi jini. Da ya warware, sai na biyun, wato gashi da na'ura mai harba haske daidai kan ƙarin. Don kada ta kuskure wurin, suka zana masa alamomi a ciki da baƙin alƙalami, suka ce kada a goge.

Mama ba ta ji wannan ba, tana unguwar Harlem wurin aikin kula da wata tsohuwa, can take kwana. Ranar da za a fara gashin ta dawo, ta ga cikin mijinta kamar allon makaranta. Ta rantse ba za a tuɓe shi gaban Turawa da wannan dauɗa ba. Baba ya buɗe baki, ta ce yaushe ya san tsabta. Soso da sabulu, sai da fatar ta yi ja.

Da na gani, ƙasa na zauna ina kuka, don an gaya mini ciwon ba ya jira. Mama ta yi tsuru-tsuru, can sai ta ɗauko kwalli.

"Alhaji, ɗaga riga. Na tuna inda suke."

"Hajiya, hanta ce fa, ba gira ba," in ji Baba.

Na ƙwace kwallin. A asibiti na faɗi gaskiya ina shessheƙa. Wata ma'aikaciya ta leƙa, ta ce ba ta taɓa ganin ciki mai ƙyalli haka ba. Aka sake awo da zane, aka ɗaga gashin zuwa wani mako. Allah ya taimaka, hoton da aka ɗauka daga baya ya nuna ƙarin ya ragu.

Abin da na koya, wanda ya fi son mara lafiya shi ya fi buƙatar bayani. Tun daga ranar, duk abin da likita ya faɗa, Mama nake fara kira tun Baba bai gama mayar da riga ba.