Mai Agogo a Ɗakin Jira

Yana tsaye a ƙofar ɗakin jira, farar riga tas, agogo a hannu, hanci toshe da hankici. Nas ta ce mini ɗalibi ne mai karantar yadda ake tafiyar da asibitoci, an turo shi auna daɗewar marasa lafiya a layi. Daga gani, tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa bin layi ba.

Wata tsohuwa tana haki, ta riƙo rigarsa. "Ɗana, kira mini likita."

"Yi haƙuri, Iya. In na sa baki, bincikena ya lalace."

Ta sulale ƙasa, mutane suka yi kanta. Shi kuwa ya danna agogo, ya rubuta awa uku da minti tara, sannan ya karkaɗe inda ta taɓa.