Kifin Iya Falmata da Furar da Na Kai wa Kaka

Ranar kasuwar farko bayan Sallar Layya, shekarar da na shiga aji uku a lakwal, kakana Malam Idi ya ɗaure jakinsa a gindin dogon yaron da ke bayan tashar Matamaye, ya karkaɗe rigarsa, ya ce da ni, "Amarya, sauko daga amalanken nan, maigida zai yi cefane." Haka yake kirana, irin wasan jika da kaka. Raken da muka ɗauko daga garkarsa ta wajen Dungu ya ƙare tun kafin azahar, kuma na san inda za mu: rumfar Iya Falmata mai kifi.

Iya Falmata Babarbariya ce, doguwa, mai faɗa da dariya lokaci guda, kuma tun Innata ba ta yi aure ba take suya a wurin. Rumfar kara ce kawai, da benci biyu da maiƙo ya baƙanta, da faffaɗan kasko bisa murhu, da butar wanke hannu. Amma direbobin tasha, da masu awon hatsi, har mushen da ke koya mana lissafi, duk a nan suke haɗa gwiwa. Tarwaɗa take yankawa gunduwa-gunduwa, ta shafe ta da gishiri, ta saka a man gyaɗa mai zafi, ta kwashe ta barbaɗa yaji da albasa. Faranti ɗaya ake zuba mana. Kaka shi ke bin tsokar da yatsunsa yana zare ƙaya, ya turo mini gabana. Mu goma sha ɗaya ne jikokinsa a gida, aljihunsa kuwa ba zai ɗauke mu duka ba, don haka abin ya zama asirinmu. Kafin mu kama hanya sai ya ba ni gaɓar rake in tauna don ƙarnin ya gushe, yana cewa, "Kaza, ci ki goge baki."

Ran nan muna isa gida muka tarar Inna ta dama fura da nono, ta miƙo mini ƙwaryar in kai wa Kaka a zaure. Ba yaron da bai san abin da ake faɗa ba a garinmu: "Kifi da nono ba sa haɗuwa a ciki ɗaya, kuturta suke kawowa." Na tsaya a ƙofar zaure da ƙwaryar a hannuna. In na yi magana Inna za ta ji, asiri ya tonu, ni da kifin Iya Falmata kuma sai dai labari. Sai na durƙusa na ajiye, bakina alaikum. Da ya miƙo mini ludayi na ce cikina ke ciwo. Ina zaune ina kallo ya shanye ta tas, ya yi hamdala. Na tsare kaina, na bar shi ya sha, kuma saboda kwaɗayi na yi hakan.

Bayan damina, wata safiya Kaka ya kama butar shayi daga kan garwashi da hannu, ya riƙe ta yana hira, sai da Kawuna ya ji ƙaurin fata ya fizge ta. Shi bai ji komai ba. Aka kai shi likita a Damagaram, suka dawo da ƙwayoyi da fuskoki a murtuke. Ba wanda ya kira sunan cutar a gidanmu, "ciwon nan" kawai ake cewa. Aka ware masa ƙwarya da buta da tabarma, aka mai da shi ɗakin da ke kusa da turken awaki. Kawu ya karɓi sayar da rake, don ba mai saye daga hannun Kaka. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shi da kansa ya kore ni. In na doshi ɗakinsa sai ya ce, "Hadiza, koma ciki." Amarya ta fita daga bakinsa ɗungum. Na tabbata ya gane ni ce sanadi. Ina surfe, ina ɗebo ruwa, ina wasan carafke da ƴan'uwana a tsakar gida, amma duk lokacin da na wuce da tulu sai in ga ya zuba wa hannuwana ido har in ɓace. Na ɗauka hannun da ya kawo masa fura yake kallo. Shekara uku na kwana na tashi da wannan, ban gaya wa kowa ba.

Ya shanye maganinsa, likita ya ce ya warke kuma ba ya shafa wa kowa, sai dai yatsunsa sun ƙanƙance, biyu sun gutsure. Wata ranar kasuwa, shekarar da nake shirin jarrabawar satifika, ya kira ni ya ce in raka shi tasha. Muna shiga rumfar, mutum biyu suka tashi daga benci da farantansu. Iya Falmata ko kallonsu ba ta yi ba. Ta jawo farantin da kowa ke ci a ciki, ta cika shi, ta ce, "Malam Idi, shekara uku ka bar ni da kwantai. Zauna." Ya sa hannu zai zare ƙaya yadda ya saba, yatsun suka ƙi, ga shi ba sa jin tsini. Na jawo farantin na shiga cire masa, hawaye na ɗiga a kan albasa. A nan na fashe, na gaya masa komai: furar, da ciwon cikin ƙarya, da kwaɗayin da ya rufe mini baki.

 Sai ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, ya nuna mini wani tabo fari-fari. "Wannan tun kina goye yake nan," in ji shi. "Na ɓoye, na ce makero ne. Ina sane da shi nake cin faranti ɗaya da ke. Kullum kika wuce fatarki nake dubawa. Da na ga ko ɗigo, da ban yafe wa kaina ba har kabari." Ranar na fara ganin tsoho yana kuka. Iya Falmata ta juya mana baya, ta ci gaba da suyarta. Muka cinye kifin a hankali, ina ba shi a baki. Da bazarar da ta biyo, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, Allah Ya karɓi abinSa. Ba mu sake zuwa rumfar tare ba.

Yanzu rumfar ta koma ta kwano, da kujerun roba, ɗiyar Iya Falmata ke suya, kifin kuma na ƙanƙara ne da ake shigo da shi ta iyakar Ɗan Barto cikin kwali. In na je gida nakan kai ƴaƴana. Suna cin kifi suna kurɓar yawur, nonon kanti, in na zabura su yi mini dariya. Na san camfi ne, amma har gobe gabana na faɗuwa. Nakan zauna in tuna tsakar gidanmu: daga turmin Inna zuwa ɗakin Kaka bai fi taku ashirin ba, ni a nan, shi a can, kowa na zaton shi ya cuci ɗan'uwansa. Yatsu biyu cutar ta ci masa. Shirun da muka yi wa juna ya ci mana shekara uku, ashe kuma su ne suka rage mana.