Ranar da Zafin Husna Ya Kai Ɗari a Gubaira

Litinin: Birnin Kudu zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba Inna ta turo ƙofa, ta same ni zaune a bakin gado har na sa mayafi, don ni dai ban runtsa ba. Na goya Husna tana barci. Shekararta biyu da wata uku, ubanta bai taɓa ganinta ba sai a waya. Direba ne a Riyad, kuma ya daɗe yana nema mana bizar ziyara kafin kafilinsa, wato mutumin da yake aiki a ƙarƙashinsa, ya sa hannu.

Ku da kuke unguwarmu kun san abin da ya samu Husna da daminar bara. Zazzaɓi ya kama ta, jikinta ya sandare, idanunta suka kafe, ta yi ta jijjiga a hannuna. Da ta farfaɗo, Sista ta asibitinmu ta sa na sayi abin awon zafi, ta ce mini: "Rabi, ki riƙe lamba ɗaya a kanki. In ya kai talatin da tara, kar ki tsaya neman takalmi, ki rugo asibiti." Karatuna bai wuce firamare ba, amma wannan lamba na riƙe ta. Na naɗe abin awon a ɗankwali na cusa cikin akwati.

Bayan salla Yaya Sani ya kai mu tasha. Shida saura kwata mota ta tashi, gari bai waye ba, kujera naira dubu huɗu. An tsayar da mu sau biyu, na biyun gab da gadar Wudil. Direba ya dube ni ta madubi.

"Hajiya, Makka za a?"

"Riyad dai."

"Ai duk ɗaya ne. A sa mu a addu'a."

Takwas da minti goma muka shiga filin jirgin Kano.

Kano zuwa Jidda, Jidda zuwa Riyad

Sha ɗaya da rabi jirgi ya ɗaga. Na damƙe hannun kujera har yatsuna suka yi tsami. Kusan awa biyar muka yi a sama, ina ta taɓa goshin Husna. Da za mu sauka Jidda na leƙa taga, na ga ruwa shuɗi babu ƙarshe. Ranar na fara ganin teku. Agogonsu ya riga namu da awa biyu. Aka ɗauki hoton yatsuna, aka buga fasfo, muka jira wani jirgin, awa ɗaya da minti arba'in ya kai mu Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid.

Baban Husna yana tsaye bayan ƙarfe da farar jallabiya, ya rame. Ya miƙa mata hannu, ta cusa fuska a wuyana ta fashe da kuka. Ya yi dariya ya ce da Larabcin da ya koya, "Mafi mushkila, ba damuwa, za ta saba." Amma na ga ya juya yana gyara hula alhali ba ta karkace ba.

Gubaira

Daga filin jirgi zuwa Gubaira ya fi kilomita arba'in. Tsohuwar unguwa ce, gidaje a matse, garejin gyaran mota a kowane lungu. Ɗakinsa ɗaya ne a bene, da ɗan kicin da banɗaki, da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙara kamar injin markaɗe. Da safe na buɗe akwati, na tarar gwangwanin man shanu ya danne ɗankwalin, abin awon ya karye gida biyu.

"Zan sayo wani in na taso," in ji shi.

Bai sayo ba. Ba don rashin kula ba. Biyar da rabi yake fita, ya ɗauki wasu malamai Turawa mata biyu ya kai su makaranta, ya wuni yana aiken makarantar, ya mayar da su gida, sai bayan isha'i ya shigo ƙafa a kumbure. Sai ya ga fuskata yake tunawa. Ni kuma ban san hanya ba, ban san bakinsu ba.

Haka na yi kwanaki. Da safe burodin tamis da wake daga shagon ƙasa, riyal huɗu. Da rana na tuƙa mana tuwo da kukar da na zo da ita. Tagar ɗakin tana kallon wani gareji, sai na haddace masu aikin: mai gemu shi ke zuwa da wuri, mai hular kwano shi ke fara tafiya salla. Akwai wata mata a ɗakin da ke kallon namu, 'yar Bangaladash. Mukan haɗu a wajen shanya. Ta yi murmushi, na yi murmushi, ta ce alhamdu lillahi, na ce alhamdu lillahi, hira ta ƙare. Ranar da na ƙirga, kalma tara na yi da babban mutum daga asuba zuwa magariba.

Masu tambayar Umra, ban samu zuwa ba. Makka ta kusa kilomita ɗari tara daga Riyad, kuma ba a ba shi hutu ba.

Asabar: gidan malamai

Malaman suka ce a kawo musu yarinya su gani. Minti talatin da biyar muka yi zuwa arewacin gari. Unguwarsu katanga ce zagaye, mai gadi ya karɓi iƙamarsa, wato katin zamansa, da fasfona, sannan ya ɗaga ƙarfe. Ciki ciyawa kore shar, mata na yawo kai babu ɗankwali.

Ni da na ɗauka Bature duk ɗaya ne. A hanya Baban Husna ya ce kar na kuskura. Ɗaya 'yar Amurka ce, doguwa mai yawan dariya, ɗaya 'yar Kanada, gajeriya mai tabarau. Ƙasashensu maƙwabta ne kamar mu da Nijar, kuma kullum a mota sai sun yi musu. Ya ce 'yar Kanada ta san jihohin Amurka kamar ita ta raɗa musu suna, ta san zaɓensu, ta san 'yan wasansu. Ita kuwa 'yar Amurka, da aka tambaye ta babban birnin Kanada sai da ta faɗi gari biyu, duk ba daidai ba.

Suka ba mu shayi da wani kek mai zaƙi. Shi yake fassara mini a hankali. 'Yar Amurka ta ɗauki Husna, ta tambaya ko muna ganin zaki da raƙumin dawa a kusa da gida. Na ce ban taɓa ganin zaki ba sai a littafin firamare. Ta ce to Najeriya kusa da Kenya take ko? 'Yar Kanada ta dafe kai ta yi ta mata tsiya, wai mutanenku ba su san kowa ba sai kansu. Sannan ta juyo gare ni da fara'arta, ta ce ita ta sani, babban birninmu Legas ne, kuma lalle ina kewar bakin teku.

Na dubi Baban Husna. Ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Ki ce e kawai."

Na ce e. Raina bai ɓaci ba, mutanen kirki ne. Amma ni tun ina yarinya nake jin labarin ƙasashensu a rediyon Baba, na san sunan shugabanninsu, na san lokacin da wuta ta ci musu daji. Ga ni zaune a kujerarsu, su biyu malamai, babu wadda ta san inda za ta ajiye ni a duniya.

Laraba, kwana na goma

Da hantsi Husna ta ƙi shan koko. Kafin azahar jikinta ya yi rau. Na sa bayan hannu a goshinta, na sa kumatu, na sa leɓe, duk ba su gaya mini lamba ba. Na jiƙa tsumma ina goga mata. Na buga ƙofar maƙwabciya, shiru. Na kira Baban Husna a waya sau shida kafin ya ɗaga, ƙarfe uku saura minti goma, ya riga ya ɗauko malaman daga makaranta.

Uku da ashirin na ji takalma a matakala. Ashe da suka ji muryata a waya su suka ce ya juya da su. Suka shigo da abaya baƙa, ɗakin ya yi musu kaɗan. 'Yar Amurka ta durƙusa, ta zaro abin awon zafi daga jakarta, wanda ta taho da shi daga ƙasarsu, ta sa a hammatar Husna. Ya yi ƙara. Ta duba, ta faɗi lamba, ta yi murmushi.

"Me ta ce?"

Ya karɓi abin ya duba da kansa, na ga leɓensa ya bushe.

"Baban Husna, nawa ne?"

"Ɗari. Ɗari da ɗigo shida."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Talatin da tara aka ce mini kar na nemi takalmi. Ɗari fa? Na fizge yarinyata na ƙanƙame, ina salati da ƙarfi, ina jiran jikinta ya sandare. 'Yar Amurka tana shafa kafaɗata tana ta magana da taushi, tana murmushi, sai na ce a raina irin murmushin da ake yi wa wadda za a ba haƙuri ne. Shi kuma yana ta laluben mukullin mota, alhali yana hannunsa.

'Yar Kanada ce ta tsaya tana kallonmu. Ta dube ni, ta dubi abin awon, sai ta ɗaga murya ta faɗi wata kalma ɗaya. Ta karɓi abin ta danna wani ɗan maɓalli a gefensa ta riƙe. Ta durƙusa ta kawo shi daidai idona.

Talatin da takwas da ɗigo ɗaya.

Na karanta sau uku. Ta sa Baban Husna ya fassara mini: zafi ɗaya ne, awo ne iri biyu. Amurkawa suna da nasu lissafin, a wajensu lafiyayyen mutum ma ya kusa ɗari. Kusan duk sauran duniya da irin namu take awo.

'Yar Amurka ta rufe baki da hannu, fuskarta ta yi ja har kunne. Wallahi ba ta taɓa kawowa a ranta cewa ɗari zai tsorata wani ba. Ta yi ta ba ni haƙuri. 'Yar Kanada ta ce mata, "Shekara uku kina ƙasar nan, kina zaton kowa a unguwarku aka haife shi?"

Ita kuma ta ce, "Ke da wane awo kike gasa kek ɗinki? Ba da namu ba?"

"Da naku. Shi ya sa na san biyun. Wanda ke kwana kusa da ku dole ya koya."

Baban Husna yana fassarawa yana dariya, idonsa cike da ruwa. Ni ban yi dariya ba. Sai a lokacin kukan ya zo mini.

Aka zo maganar magani, 'yar Amurka ta tambayi nauyin yarinya. Na ɗauko katin asibitinmu na nuna mata, sha ɗaya. Ta buɗe baki za ta ce bai yiwu ba, sai ta dubi ƙawarta, ta miƙa mata katin. Kilo ne, su kuma da wani awon suke auna nauyi.

Huɗu da rabi muna ƙaramin asibitin unguwa, minti bakwai a mota. Likita Basudane ya duba ya ce maƙogwaro ne, sanyin na'ura ya kama ta. Ya rubuta magani. Malaman suka jira mu a benci har aka gama. Da za mu rabu 'yar Amurka ta danƙa mini abin awon a hannu, ta nuna mini lambar da yatsa, ta ce da Hausar da ta roƙa a wajen Baban Husna, "Naki." Kwana biyu zazzaɓin ya sauka. Bai kai talatin da tara ba ko sau ɗaya, kuma duk awa sai na auna.

Komawa

Kwana ashirin da shida muka yi. Ranar Asabar bakwai na safe ya kai mu filin jirgi. Ya ce malaman sun sa shi ya nuna musu Jigawa a taswirar waya, sun yi mamakin babu teku ko kusa. Husna ta yarda da shi a satin ƙarshe, har ta kan hau wuyansa. A bakin ƙofar shiga sai da na ɓamɓare yatsunta daga jallabiyarsa ɗaya bayan ɗaya. Na waiwaya sau biyu. Na uku ban iya ba. Shi zai koma ɗakin nan, ya tarar da ɗan takalminta da na bari a bayan ƙofa da gangan.

Jidda muka canza jirgi, muka sauka Kano da la'asar, Yaya Sani yana jira. Magariba ta same mu a hanya, muka shiga gida ana kiran isha'i. Inna ko sannu ba ta yi mini ba, ta karɓi jikarta ta juya ta gaba da baya, ta ce, "To, kin dawo mini da ita."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Inna da Yaya Sani, da Baban Husna, Allah ya ba shi haƙurin zama. Na gode wa matar Bangaladash da ta kawo mini shinkafa ranar da ta ji kukan yarinya, ba mu taɓa sanin sunan juna ba. Da malaman nan biyu, wadda ta tsorata ni da wadda ta gane abin da ya tsorata ni. Sunayensu ba su zauna a bakina ba, nawa ma ban jin ya zauna a nasu. In na idar da salla sai na ce doguwar da mai tabarau, Allah ya san su.