Kwalbar Zamzam ta Inna

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Tun kafin a tsinke auduga nake son rubuta wannan, sai in ce ni da na tsaya a firamare, me zan faɗa wa masu ilimi? Amma abin ya hana ni sukuni.

Innarmu ta rasu ta bar mini kayan jerenta. A cikinsu akwai waɗanda babu irinsu duk garinmu Ƙarfi: doguwar kwalba koriya mai murfin gilas, ƙananan kofuna shida masu bakin ruwan zinariya, ɗan bokitin gilas da awartakinsa, da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu, sak kalangu. Babanmu ne ya sayo su a gwanjo a Funtua tun ban yi wayo ba. Inna ba ta bari a taɓa. Da ƙaninta ya dawo daga Makka, a kwalbar nan ta juye zamzam, don ta ce ita ce mafi daraja a ɗakin. Da ɗan kalangun take auna mana, babban baki na manya, ƙaramin na yara.

Bana 'yata za ta yi aure, na yi niyyar sa mata su a jere. Kofi ɗaya ya tsage, sai na ƙulle shi a zane na tafi Funtua neman irinsa wajen wata mai sayar da tangaran, 'yar kudu amma haihuwar nan, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Na nuna mata hoton sauran a waya.

Ta juya gindin kofin, ta tuntsire da dariya.

"Hajiya, ashe ke ma kina ɗan taɓawa?"

"Taɓa me?"

"Kayan shan giya ne fa! Tsofaffi, na Italiya. Bokitin na ƙanƙara ne, wannan kalangun naki kuma da shi ake auna giyar."

Na ce, "Innalillahi! Zamzam fa muka sha a ciki."

"To, ai kun musuluntar da su," in ji ta. "Kwantar da hankalinki, Hajiya. Turawan ma yanzu jera su suke yi a kabet don ado, kamar ku."

Nan kaina ya ƙara kullewa. In na shan giya ne, don me ake jerawa? In na ado ne, ina amfanin ma'auni?

Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce a wanke, shi ke nan. Na wanke sau bakwai, har da toka. Na ma ce wa kaina, maƙwabtanmu Maguzawa a ƙwarya suke shan burkutu, kuma ba wanda ya hana ni shan fura a ƙwarya. Sai zuciyata ta ce, ai ƙwarya ba don burkutu ta tsiro ba, waɗannan kuwa don giya aka ƙera su.

Tsorona ranar jere. In wata cikin dangin ango ta gane su, 'yata ce za ta zauna da gorin. In kuma na hana ta, ta san kakarta da bakinta ta ce nata ne, me zan ce mata? Har yau ban iya faɗa mata ba.

Saura mako uku. Don Allah, wanda ya san kayan nan ya sanar da ni: akan kawo su sababbi, ba a taɓa zuba musu komai ba? Akwai alamar da ake gane wanda ya taɓa ɗaukar giya? In kuma akwai wadda ta jera wa 'yarta irinsu, ta gaya mini yadda suka ƙare da dangin miji.