Ruwan shuka ya ci min jarrabawa

Jiya na ga Tunde, wanda muka zauna ɗaki ɗaya a jami'a, ya rubuta a dandalin nan cewa ɗaliban Arewa ba karatun ne a gabansu ba. Na daɗe riƙe da waya, raina yana ƙuna.

Muna aji biyu, saura kwana uku jarrabawa, direban motar garinmu Miga ya kawo min saƙon Baba. Ruwan shuka ya sauka, ga ciwon ƙafa ya kwantar da shi, in zo.

Ina haɗa kaya Tunde ya ce, "Saboda gona za ka bar jarrabawa? Ni mamata cewa ta yi ko rasuwa aka yi kada in dawo."

Na ce, "Mamarka albashi take ɗauka. Mu in shuka ta wuce mu, gidanmu shekara zai yi da yunwa."

Na tafi, na maimaita aji. Shi yau farfesa ne.

Abin da bai rubuta ba, geron da na shuka ɗin, da shi muka riƙa dama kunu a ɗaki, har yana neman ƙari.

'Ya'yan manoma, ku faɗa min, wannan lalaci ne?