Ranar da Muka Tuna wa Alhaji Tseren Amalanke

Akwai wani yini da na san ba zai fita daga raina ba har in bar duniya. Wata ranar kaka ce, shekarun baya kaɗan, da ni da abokina tela muka bar Magarya muka nufi ƙauyenmu a yankin Kwaya, don mu hana ɗaya abokin namu korar ɗansa.

Mu uku tare muka tashi. Ni na yi boko na zama mushe, wato malamin makaranta, na koyar a lakwal, makarantar boko ke nan, har na ajiye alli na zauna a Magarya. Telan ma can yake, shagonsa na bakin kasuwa. Na ukunmu shi ya tsaya a gida, ya riƙe gonakin mahaifinsa, ya shiga kiwon shanu da sayar da su, Allah ya buɗa masa har ya je Makka. Yanzu Alhaji ake ce masa, ga farin gemu, ga carbi da ba ya barin hannunsa. In ya yi gyaran murya a zaure, duk gidan sai ya yi tsit.

Da hantsi matarsa ta kira ni a waya. Ta ce, "Mushe, don Allah ku zo. Abokinku ya rantse yaron nan ba zai ƙara kwana a gidansa ba. Shi kuma yaron ya ɗaure kaya, wai arewa zai tafi haƙar zinariya." Ɗansu na fari take nufi, wanda suka daɗe kafin su samu, shi ya sa ba ta kama sunansa ba. Saurayi ne da bai kai ashirin ba. Ashe kwana ɗaya kafin nan ya faki idon uban ya ɗauki sabon babur ɗinsa ya je bikin abokinsa. Suna cikin wasa a gaban ƴan mata ya ɗaga ƙafar gaba, babur ya ƙwace masa, ya afka wa rumbun maƙwabci. Rumbu ya kife, damman hatsi suka watse a ƙasa, babur kuwa ya lanƙwashe.

Na san samarin da suka tafi arewa cikin fushi. Wasunsu ni na koya musu karatu. Akwai waɗanda suka dawo, akwai waɗanda har yau iyayensu mata na jiran waya. Na je na faɗa wa tela. Nan take ya bar riga a kan keke rabi a ɗinke, ya rufe shago, muka nemi kabu-kabu. Kafin mu hau ya riƙe mini hannu ya ce, "Kai mushe ne, ka saba da wa'azi. In mun je kada ka ce masa ya yi haƙuri, ka san shi, ƙara hawa zai yi. Ka bar ni da shi."

Bayan azahar muka isa. Muka iske Alhaji a kan tabarma ƙarƙashin bishiyar ƙofar gidansa, fuska a ɗaure. Babur na jingine da bango. Can nesa wajen turken shanu yaron ne zaune, jaka a gefensa, hannunsa na dama naɗe da tsumma. Muna gama gaisuwa Alhaji ya ce, "In maganar yaron can ta kawo ku, ku sha ruwa ku koma."

Tela ya ce, "Wane yaro? Mu shayi ya kawo mu. Rabon da mu zauna mu uku tun sunan autarka." Sai ya ɗaga murya ya ce wa saurayin, "Kai, kawo gawayi da buta ka dafa mana, ko ba ka ga baƙi ba ne?" Alhaji ya ƙyale shi. Ba a hana baƙo shayi. Yaron ya zo ya durƙusa ya gaishe mu, ya koma gefe ya fara hura wuta, kansa a ƙasa.

Tela ya miƙe ƙafa kamar ba abin da ya faru. Ya fara da aikinmu na farko, lokacin da muke kwaɓa ƙasa a bakin tafki muna yi wa mutane tubali, mu koma gida jikinmu fari fat kamar an birkiɗa mu a toka. Daga nan ya gangara kan ranar da muka shiga fadama cin raken mutane, karen mai gona ya bi mu ya cafke masa wando ya yage shi har ƙugu. Ya ce, "Tun daga ranar na ƙudurta sai na koyi ɗinki." Na ƙyalƙyale da dariya. Na tuna musu rigar nan guda mai aljihu da muke karɓa-karɓa in za mu wasan kalangu a ƙauyen gaba, wanda ranarsa ce ya yi ta yanga, sauran biyun su raɓe a baya. Na lura gefen bakin Alhaji ya ɗan motsa, amma ya yi sauri ya koma jan carbi.

Sai tela ya ce, "Amma duk a cikin ayyukan da muka yi, ba kamar jigilar gyaɗa."

Alhaji ya ɗago kai. "Bar maganar nan, akwai yara."

"Wannan mai gashi a haɓa ne yaro?" in ji tela, ya ci gaba abinsa.

A shekarun nan, bayan an cire gyaɗa, wani ɗan kasuwa kan ɗauke mu mu kai masa buhuna kasuwar Magarya a amalanke. Tela na jan amalanken kawunsa. Alhaji, wanda a lokacin saurayi ne siriri mai ɗan banzan rawar kai, yana jan na mahaifinsa da bijimai biyu, ja da baƙi. Da su tsohon ke huɗa duk damina, ba shi da wasu. Ni kuwa, in ba lakwal, ina saman buhunan ina ba su waƙa.

Ranar da abin ya faru, mun cim ma wasu ƴan mata a hanya ɗauke da ƙoren fura. A cikinsu akwai wata doguwa da abokinmu ya daɗe yana zagaye ƙofar gidansu. Yana ganinta ya miƙe tsaye a kan amalanke ya yi wa tela ihu, "In ka isa ka riga ni kukar can!" Kafin in ce wani abu ya tsula wa bijimai bulala. Amalanke ya yi sama ya yi ƙasa, ni na rungume buhu ina salati, ƴan mata na guɗa, rairayi na tashi a bayanmu. A gaban kukar hanya ta karkata, a gefenta kuma akwai tafki da bai gama ƙafewa ba. Bijimai ba su karkata ba. Sai ji na yi ina cikin ruwa, laka har cikin hancina, buhuna na yawo a gefena. Da muka fito muka ga jan bijimin a kwance, ƙafarsa ta gaba ta karye.

Nan tela ya kai ƙarshen labarin. Yaron ya manta da butar da ke tafasa, ya saki baki yana kallon ubansa kamar yau ya fara ganinsa. Daga bayan danga kuma muka ji wata ta ƙunshe dariya. Doguwar mai furar ce, wadda ta kira ni da hantsi.

Can yaron ya ce a hankali, "Baba tela, to wa ya ci tseren?"

"Ni mana!" Alhaji ne ya amsa, har da buga ƙasa da hannu. "Ai na wuce shi tun kafin kukar! Ku tambayi mushe!"

Maganar ta riga ta fita. Ya dube mu, muka dube shi, sai dariya ta kece mana mu duka. Tela har kwanciya ya yi a tabarma, ni hawaye na zubo mini, Alhaji kuwa ya rufe fuska da hula kafaɗunsa na girgiza. Na daɗe ban ji dariyarsa irin ta da ba, mai ƙarewa da tari.

Da muka lafa, tela ya goge ido ya ce, "Allah ya ji ƙan tsoho. Ka tuna abin da ya yi da ya iso bakin tafkin?"

Da Alhaji ya amsa, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Ina ganinsa daga nesa yana gudu, na ce yau kashina ya bushe. Ya zo ya wuce bijimin bai ko dube shi ba. Ya kama ni, ya shafa hannuwana, ya shafa haƙarƙarina, yana cewa, 'Ina ke maka ciwo?' Sai da ya tabbatar lafiyata lau, sannan ya nemi wuƙa ya yanka sansa da hannunsa." Ya ƙara da cewa, "Daminar nan da hannu muka yi noma, ni da shi, kafaɗa da kafaɗa. Har ya koma ga Allah bai taɓa yi mini gorin san nan ba."

Alhaji ya juya ya dubi ɗansa, idonsa ya sauka kan tsumman da ke hannun yaron. Ina jin sai a lokacin ya gan shi. Ya ce, "Matso nan." Yaron ya matso a tsorace. Uban ya warware tsumman da kansa, sai ga fata a saluɓe daga gwiwar hannu har wuyan hannu, ta fara ruwa.

"Tun jiya kake da wannan? Ba ka faɗa ba?"

"Baba, ba ka tambaya ba."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Can ya dube ni ya ce, "Mushe, na fa rantse."

Na ce, "Ka fi ni sani, Alhaji. Rantsuwa tana da kaffara."

Ya gyaɗa kai. Ya ce wa yaron, "Ɗauki jakarka ka mayar ɗaki. A kai ka asibiti a wanke maka hannun nan. In ya warke, ni da kai za mu ɗaga wa mutumin nan rumbunsa." Haka kuwa aka yi. An ce mini mutanen gari sun sha kallo, Alhaji guda da wando a naɗe yana ɗaurin kara shi da ɗansa. Yaron bai je arewa ba. Yanzu shi ke kai shanun uban kasuwar Mallawa.

Shayin ranar ya ƙone, ya yi ɗaci, amma mun shanye shi, muka zauna har la'asar sakaliya muna tono tsofaffin labarai. Ban san shi ne zamanmu na ƙarshe mu uku ba. Damina na zagayowa tela ya kwanta ciwo, bai tashi ba. A wajen jana'izarsa saurayin nan ne ya fi kowa kuka.

Abin da na koya a yinin nan shi ne, in mutum ya girma yakan binne ƙuruciyarsa har ya ɗauka da gemu aka haife shi, sai ya rasa haƙurin da shi ma aka yi da shi. Ba wanda zai iya tono masa ita ya saurara sai wanda suka yi ta tare. Don haka wanda duk Allah ya bar masa abokin ƙuruciya, ya riƙe shi da kyau, ya riƙa neman sa tun suna iya zama a tabarma ɗaya.