Baba Sakar-Mana da Sabuwar Manhaja

A babban kamfanin da yake aiki, bene hawa kan hawa, ba kowa ya san sunansa na yanka ba. Baba Sakar-Mana ake ce masa, kuma aikinsa ne ya raɗa masa.

Masu rubuta manhaja a wurin suna da wata tsohuwar ma'ajiya a kwamfuta, mai riƙe kowane gyara da aka yi. Halinta ɗaya ne: in mutum ya ɗauki fayil zai gyara, sai ta kulle shi, ba mai taɓawa sai shi ya saka. Mutane kuwa ga mantuwa. Wani ya kulle ya tafi cin abinci, wata ta kulle ta tafi hutun haihuwa. Baba aka ɗora wa bin sawu. Sai ya hau bene, ya tsaya bayan kujerarka, ya tambayi gida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, can a ƙarshe ya ce, "To ɗana, sakar mana." Akwai waya a teburinsa, amma ya ce ta waya ba a ganin fuskar mutum.

Sai aka kawo sabuwar manhaja, ana sauyawa hawa bayan hawa. Ita ba ta kulle komai. Kowa ya yi gyaransa, ta haɗa. Shugabar sashensu ta ce ya kwantar da hankalinsa, aikinsa na nan, daga zaune zai riƙa duba rahoto.

"Daga zaune, ranki ya daɗe?"

"Gwiwoyinka su huta mana, Baba."

Duk hawan da aka sauya, ya fita daga zagayensa ke nan. Da ya rage na can sama kaɗai, mutanen wurin har kulle fayil suke yi da gangan don ya samu na zuwa. Su ma aka sauya musu.

A gida matarsa ta fara kokawa.

"Malam, ni ba abin da na kulle. Ka daina tsaya mini a baya ina girki."

"Hira na zo yi."

"Da kai ke kawo mini labarin wanda aka yi wa haihuwa. Yanzu labarin kujerarka nake sha."

Ya jure iya jurewarsa. Wata safiya ya miƙe, ya hau bene a hankali yana dafe da ƙarfen matakala, ya tsaya bayan wani da ya fi kowa mantuwa a da. Mutumin ya waiwayo.

"Baba, ai yanzu ba abin da zan saka."

Baba ya laluba dalili a ransa, bai samu ba.

"Na sani," ya ce. "Zuwa kawai na yi."

Mutumin ya sa ƙafa ya janyo wata kujera.

"To zauna mana. Shekara da shekaru kana tsaye a kaina kamar mai gadin jarrabawa."

Baba ya zauna a bakin-bakin kujerar. Bai jingina ba, don akwai sauran benaye a gabansa.